Katakon da Muke Tsayawa a Kai

Zuwa ga yayana, marigayi Habu mai jita,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙaninka ne Lawan, direban katafila a aikin hanyar ruwa ta Kura. Na rubuto in sanar da kai an karɓe bes, jitar nan mai kaurin murya, daga hannuna.

Kai ka fara rataya mini ita a kulob ɗin ma'aikata, shekarar da ruwan Tiga ya iso mana. Tsirkiya huɗu, nauyi kamar galma. Ka ce kod ba wani abin tsoro ba ne, muryoyi uku ne ke tashi tare, tawa ce ta ƙasa, gindin. In jita ta canja, ni ma in canja. Kakan ce, "Yi yadda Baba ke ban ruwa. Kafin fangali ya cika, ya riga ya fasa bakin na gaba." Haka na koyi takawa a hankali, in iso sabon kod daidai da kai. Wallahi na iya, kai ma ka shaida.

Sai ƙarar katafila ta cinye mini kunne. Bes ina jin ta a ƙirji, amma muryar jitarka ta yi nisa, ta yi nisa, har ta ɓace. Ban gaya maka ba, ba ka tambaye ni ba. Kawai wata Asabar na ga ka dawo kan katakon da nake tsayawa a kai duk inda muka je wasa, ka ce in cire takalmi wai zafi ake yi. Saura kaɗan a canja kod, sai na ji diddigenka ya bugi katako. Tun daga wannan rana, da tafin ƙafa nake jin kiɗa, har motar tumatir ta kife da kai a hanyar Zariya.

Yaron da aka ɗauko daga birni a madadinka ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ajiye kunya na roƙe shi ya riƙa buga mini ƙafa, ya ce to. Amma shi ɗan rawa ne, kiɗa na yin zafi ya manta da ni. A wani biki a Bunkure, da la'asar, ya buga ƙafa don daɗi kawai, ni kuwa na canja. Ya sake bugawa, na sake canjawa. Ina ta murmushi abina, sai na ga masu rawa sun tsaya suna kallona.

Da aka tashi, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, Ɗanladi mai ƙaho, ya zo ya daɗe yana yi mini magana. Fuskarsa dai ta tausayi ce. Ko kalma ban ji ba. Da ya gaji, sai ya miƙo hannu biyu, na miƙa masa bes.

Yaya, na karaya. Katakon kaɗai na roƙa aka bar mini. Matata Hajara na so ta tare garken awaki da shi, na hana. Nakan tsaya a kai ba takalmi, ina jira, kamar wanda ya zare.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu a gidan rahama. In ka hango ni a can cikin taro, kada ka wahalar da kanka da kira. Ka buga ƙafa, zan juyo.

Ƙaninka,
Lawan