Daddawar Turawa

Baban Rahila,

Ina gaishe ka da kyau. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Ko kana nan ma da sai ka nemo tabarau ka yi ta ƙorafi a kan rubutuna. Duk da haka zan rubuta, don akwai maganar da na riƙe shekara goma sha huɗu ban gaya maka ba, kuma Kirsimetin nan ta hana ni sakat.

Labarin gida tukuna. An girbe dawar gonarmu ta Dabai, ƙaninka Bitrus ne ya tsaya a kai. Ba ta kai ta bara ba, amma baki ɗaya nawa zai ci? Jar akuyar nan da kake zagi ta haifi biyu. Rediyonka yana nan a kan taga. Nakan kunna shi, ba don labarai ba, don dai a ji muryar namiji a gidan.

Ka tuna shekarar da ka dawo daga aikin soja a ƙasar waje, ana saura kwana uku Kirsimeti? Ka miƙo mini wani abu baƙi a naɗe cikin takarda mai ruwan zinariya, ka fice gaishe-gaishe ba ka ce mini komai ba. Na shinshina, na ɓantari kaɗan na ɗanɗana, na ji ɗaci. Na ce to, wannan ita ce daddawar Turawa. Na daka rabi na zuba a miyar kuɓewa. Mahaifiyarka ta yi loma biyu ta wanke hannu, kai kuwa ka share kwanon tas kana gumi. Sai da ta tafi ka tambaye ni ina cakulan ɗin da ka kawo, da ka ji inda ya shiga ka yi dariya har da hawaye.

Kunya ta ishe ni. Shi ya sa da ka ba ni sauran, ka ce haka nan ake cinsa, na tauna na haɗiye da ƙyar na ce ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Ƙarya na yi maka, Saje. Ya fi shuwaka ɗaci.

Kai kuma ka riƙe maganar gam. Kowace shekara sai ka sa Mama Nkechi, 'yar Ibon nan mai kanti a bakin tasha, ta sayo maka irinsa daga Anaca. Safiyar Kirsimeti in same shi a ƙarƙashin ɗankwalin da zan ɗaura zuwa coci. In ɓantara a gabanka, in ɓoye a kumatu, in zagaya bayan ɗaki in tofar. Sauran kuwa matar fasto nake kai wa, ta narka a shayi da sukari cokali uku. Sau nawa na buɗe baki zan gaya maka? Sai in tuna shekara bakwai da ka yi kana golmo, noman neman aure, a gonar babana kafin a ba ka ni, in dubi yadda kake tsaye kana jiran in ce da daɗi, in fasa.

Bana Rahila ta aiko cewa za ta zo daga Kaduna da takwarata, jikarka da ka sani tana jaririya. Na yi murna sosai, don ina tsoron Kirsimetin farko ba kai. Na share ɗaki, na tafi kantin Mama Nkechi in zaɓa wa yarinyar cakulan. Ashe zaɓen ma aiki ne. Ga mai gyaɗa, ga mai madara, ga wasu ƙanana kamar maɓallin riga. Na tsaya ina juya su kamar baƙauya har ta ji tausayina ta ɗauko mini mai madara, ta ce shi yara ke so.

Har na juya zan fita ta ce in dakata. Ta buɗe firiji ta fito da baƙin nan, cikin takardarsa mai ruwan zinariya. Wai tun watan Agusta ka zo a kan kabu-kabu, da sandarka, ka ce kada ta manta da na Madam. A watan Agusta ko kunu ba ya zama a cikinka. Yaushe ka fita ban sani ba? Na yi kuka a tsakiyar kanti, mutane suna kallo, ban damu ba.

Ana gobe Kirsimeti Rahila ta kira ta wayar Bitrus. Yarinyar tana zazzaɓi, mijin kuma bai samu hutu ba. Na ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Me zan ce?

Na dafa shinkafa ta yi mini yawa, har yanzu hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba. Bayan an taso daga coci 'yan zumuntar mata suka leƙo, suka yi addu'a, kowa ta koma wurin iyalinta. Da la'asar na zauna a kujerarka na kwance takardar. Babu wanda zan yi wa ƙarya, babu wanda zan ɓoye wa. Na ci guntu ɗaya, na ƙara wani, har na cinye duka ban tofar ba.

Ɗacin yana nan yadda na san shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko ka sani tun tuni? Ko shiru ka yi mini, kamar yadda ka yi ranar miyar kuɓewa? Da na tambaye ka kana nan, da yanzu muna da abin dariya.

Na yarinyar zan ba direban Kaduna ya kai mata. Jiya kuma na koma wurin Mama Nkechi na ce baɗi ma ta sayo baƙin. Ta dube ni ta ce ashe Madam tana sonsa haka. Na ce mata e, kuma wannan karon ban yi ƙarya ba.

Ka huta lafiya, Saje, sai Ubangiji ya sada mu.

Taka,
Saratu, mai miyar cakulan