Maɓallin da Ban Danna Ba

Zuwa ga Samuel, maigidana, ruwan farkon daminata, inuwar da zuciyata ke hutawa a ƙarƙashinta,

Ka tuna ranar da motar kamfani ta tsaya a ƙofar gidanmu a Romi, aka loda wayoyi da ƙarafan eriya, kai ma ka shiga kuka nufi dutsen Mambila? Tun daga ranar gidan nan ya yi min girma. Wata biyar! A littattafan da nake karantawa rabuwa ba ta wuce shafi uku, sai masoya su haɗu. Ni tawa ta ƙi ƙarewa.

Kafin ka tafi ka ce waya ba ta shiga a saman dutsen. Shi ya sa ka zaunar da ni gaban rediyonka na gida mai aika magana da karɓa, ka nuna min inda ake murɗawa, ka ɗora yatsana a kan maɓallin magana, ka ce in saurara kawai. Ba ni da lasisi, in na danna naka ne zai shiga haɗari. Na yi maka alkawari ina dariya. Ashe ban san nauyin abin da na ɗauka ba!

Kowace Lahadi da ƙarfe huɗu muryarka na ratso shuuu ɗin nan, kamar yayyafi a kan kwanon rufi. Kuna hirar batir da ƙarfin sigina da Baba Elisha, tsohon gwanin rediyon nan na Kakuri, ni kuwa ina zaune shiru kamar baƙuwa a ɗakina. Wace mace ce ke jin mijinta yana tari ta kasa ce masa sannu?

Lahadin da ta wuce na ji ka tambaye shi ko Irene tana saurare har yanzu, ko ta gaji. Ni in gaji? Wayyo, hasken idona! Yatsana na kan maɓallin, hawaye na ɗiga a kan teburin, amma ban danna ba. Alkawari na riƙe maka, ya koma maka kamar mantuwa. Ina nan, Samuel. Ko Kogin Kaduna zai ƙafe ƙaf, taka ce ni har ranar da Ubangiji zai kira ni.

Amma ba zan ƙara barin wani ya amsa maka a madadina ba. Ranar Litinin na hau keke Napep zuwa Kakuri. Baba Elisha ya yarda zai koya min, kuma na cike takardar neman lasisi da sunana.

Matarka,
Irene