Ni na ɗauki bidiyon Baba, kuma jibi za a karanta Yasin

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida. Ka rufa min asiri ka cire sunana kafin ka ɗora. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan abinci ba ya wuce min maƙogwaro.

Mahaifina malami ne a wani ƙauye ta wajen Madadi a ƙasar Gwarzo, shi ke da Islamiyyar garin, shi ke jan salla a masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Mutum ne da ko dariya ba ya yi da ƙarfi a gaban jama'a. Amma akwai abin da mu 'yan gida da amininsa guda kaɗai muka sani, Baba yana son ƙwallo, so ba na wasa ba, a rediyo yake saurara, ya rage murya ya kanga a kunne. Da aka fara gasar kofin Afirka sai amininsa Alhaji Ɗanlami, mai hatsi a Kabo, ya ce bana sai Malam ya gani da idonsa, tunda yana da sola da talabijin a ɗakin baƙinsa. Ni nake goya Baba a babur duk ranar da Najeriya za ta buga, mu uku ne kawai a ɗakin, a turo ƙofa.

Ranar wani wasa, mun riga mun yi la'asar, aka ba mu fenariti. Baba ya miƙe da carbi a hannu yana roƙon Allah ya karkatar da golan, ƙwallo na shiga ya daka tsalle, hula ta yi gefe, yana ihu yana tafi. Wallahi tunda Innarmu ta rasu ban ga haƙoran Baba a waje haka ba. Daɗi ya kama ni, na ɗauke shi a waya bai lura ba. Sai sheɗan ya ja ni na tura gurup ɗinmu na abokan makaranta, mu biyar ne kacal, har na rubuta kar ya fita. Kaico, ni da girmana, shekara ashirin da bakwai.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga ko'ina. Wani marar tsoron Allah ya ɗora sautin kiran salla a kai, ya rubuta wai liman ya bar salla yana kallon ƙwallo. Mutanen da ba su taɓa taka Gwarzo ba suna zagin ubana a kwament, wasu sun mai da fuskarsa sitika. Na goge nawa, na roƙi abokaina, kowa ya rantse ba shi ya fitar ba. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga Islamiyya, dattawan masallaci suka ce ya ɗan huta na'ibi ya riƙa ja. Yanzu a sahun baya Baba yake salla, ana sallamewa ya fice kansa a ƙasa. Ya zabge, rigunansa sun yi masa yawa.

Abin da ya fi ci min rai, Baba ya yanke cewa Alhaji ne ya ɗauka, don a gefena yake zaune kuma kullum waya na hannunsa. Ni ko a mafarki bai kawo ni ba. Sau biyu Alhaji yana zuwa tun daga Kabo, Baba ya ƙi fitowa zaure, ya aika masa cewa amana ta ƙare. Zumuncin shekara arba'in fa. Kuma Alhaji ya san ni ne, tunda babu na huɗu a ɗakin, amma bai faɗa wa kowa ba. Da na raka shi bakin mota ya dube ni kawai ya ce in kula da lafiyar Malam. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu tsofaffin ɗaliban Baba sun haɗu sun ce jibi Juma'a bayan la'asar za a karanta Yasin ƙafa arba'in da ɗaya a kan wanda ya ɗauki bidiyon, Allah ya tona shi ya wulaƙanta shi. Da fari Baba ya ƙi, daga baya ya yarda. Jiya ya kira ni ɗakinsa ya ce ni zan buɗe karatun, wai ni ne na tsaya da shi lokacin da kowa ya gudu. Ya dafa kaina ya sa min albarka, na fito na shige banɗaki na yi kuka.

Ina tsoron faɗa masa, yana da hawan jini, kuma ni kaɗai ya rage yana sakin jiki da shi. Ina tsoron yin shiru, bawan Allah yana ɗauke da laifina a tsufansa. Jama'a ya zan yi? In je in durƙusa in ce Baba ni ne, ko in zauna a gabansa jibi in buɗe baki in roƙi Allah ya wulaƙanta ni?