Bencin Jirgin Baba

Asabar, 4 ga Mayu 2024

Yau na janyo jirgin Baba daga bayan rumbu. Kaji sun mai da shi gidan haya. Jirgin sanholo ne, irin ƙarfen tukunya mara tsatsa, Baba ya saye shi a gwanjo lokacin da wani aikin noman rani ya watse, ina aji uku. Larai, matata, ta tsaya riƙe da tsintsiya tana min dariya, wai malamin makaranta ya yi ritaya ya koma sarkin ruwa.

Ba don sha'awa ba ne. Inna tana ƙetaren gulbi, a gidan gona, ta rantse ba ta barin inda Baba ya bar ta. Duk wata sai an kawo ta asibiti Sabon Birni saboda hawan jini. Yanzu gulbi yashi ne, babur na wucewa. In ya cika, kwalekwalen da ke fito a mashigarmu ya ruɓe tun bara, hanyar zagaye ta daji kuma ba ta biyuwa, kowa ya san dalili. Wata biyu nake da shi, in ya yi yawa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na wanke shi na duba. Abu uku: ƙusoshi arba'in da wani abu sun saki. Babu toshiyar ramin gindi, wadda ake murɗewa a zubar da ruwa. Babu bencin tsakiya, kuma shi ke riƙe da gefen jirgin biyu kada su lanƙwashe.

Bencin na san inda ya tafi. Abdurra'uf, ƙanena, mai zubin tukwane a bakin kasuwa, shi ya cire ya narka bayan rasuwar Baba. Ranar sadakar arba'in na gani, na kira shi ɓarawo gaban mutane. Shekara shida ke nan ko gaisuwa. Rubuta sunansa ma sai da raina ya ɓaci.

Litinin, 13 ga Mayu

Inda Baba ya yi faci da ƙusar ƙarfe, sanholon ya zama farin gari a kewaye. Ashe ba sa jituwa. Allah ya jiƙan Baba, gyaran kwalekwale ya yi wa jirgin Turawa.

Laraba, 22 ga Mayu

Na ba Abdulrasheed na Burkusuma saƙo, shi da ke kai kaya Maraɗi. Na ce filogin jirgin ruwa nake so, don haka na ji ma'aikatan noman ranin nan suna kiran toshiyar. Yau ya zo yana murmushi, ya warware takarda: filogin inji, irin na babur! Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na ji haushi.

Ya ce, “Malam, da ka ce bushon. Can haka sunka san shi.”

To, bushon. Ya koma.

Lahadi, 2 ga Yuni

Ruwan farko. Na shuka gero, hankalina yana kan gulbi.

Talata, 11 ga Yuni

Bushon ya iso, sabo ƙal. Ya shiga murɗi ɗaya ya cije. Awon Nijar daban, awon wannan jirgi daban. Na kai wa mai walda a garin Isa, ya juya shi ya ce wutarsa huda sanholo take yi. Sai ya ce, “Mi ya hana ka kai ma ƙanenka? Shi ka iya zuba maka shi daidai ramin.” Na ce ban tambaye shi ba.

Larai ma haka ta ce da na dawo. Kowa ya zama mai ba ni shawara.

Litinin, 17 ga Yuni

Mun je wa Inna barka da Sallah, ni da Larai. Ruwa ya fara kwanciya a gulbi, ya kai idon sawu.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi min doguwar magana ido da ido. Haka muka taso, kunya ce. In tana da magana da ni, wani take gaya wa ina zaune. Yau tana kwashe tuwo daga babbar tukunyarta, Larai na ba ta labarin bushon, sai ta ajiye mara.

“Larai, ki gaya ma maigidanki, bencin da yake nema ga ya nan bisa murhu. Ni nac ce yaron shi narke shi. An ce mutum ɗari za su taho arba'in, cikin mi za ni dahwa musu, ludayi?”

Larai ta ce, “Inna, shekara shida ba ki hwaɗi ba?”

“Wa za ni hwaɗa ma? Shi bai tambaya ba. Ƙaramin ko ya ce kar in sa baki, ya fi son a zage shi da a ce ni.”

Ina zaune da loma a hannu. Tuwon arba'in ɗin ma daga tukunyar nan na ci, bayan na gama zagin. Duk Sallah daga ita nake ci. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Da za mu tafi ta wanke tukunyar, ta ɗaura wa Larai a bayan babur. Ba ta dube ni ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Tukunyar na zaure kwana huɗu. Ina wucewa ta gefenta.

Asabar, 22 ga Yuni

Na kai wa Abdurra'uf. Ban aiki Larai ba, duk da ta yi tayi. Na same shi yana danna yashi a akwatin zubi. Ya yi furfura a gemu, ban sani ba. Na ajiye tukunya da bushon, na ce toshiya nake so, da maƙalai biyu da za su riƙe katako a madadin benci. Ya dubi tukunyar ya daɗe.

“Yaya, sai na ga ramin da idona.”

Shi ke nan abin da ya ce. Ni ma abin da na shirya faɗa a hanya bai fito ba.

Laraba, 3 ga Yuli

Toshiya ta hau kamar da ita aka ƙera jirgin. Ƙusoshin ma ya yanko su daga wayar sanholo. Sai dai ashe mutum ɗaya ba ya buga su: dole wani ya kwanta ciki ya tokare kan ƙusar da guduma, wani ya daddale ta daga waje. Mun jingina jirgin da gefe, ni ciki, shi waje, ba mai ganin fuskar wani. Ya ce, “Riƙe.” In ce, “Na riƙe.” Sau arba'in da bakwai.

Wajen ta talatin na ce, ta cikin ƙarfe, “Abdurra'uf, kalmar nan da na hwaɗi ranar arba'in.” Gudumarsa ta tsaya. Sai ya ce, “Riƙe, Yaya, za ta huce.” Ƙusa ba ta da zafi balle ta huce. Na riƙe.

Kunnena har yanzu ƙara yake.

Asabar, 20 ga Yuli

Gulbi ya cika baki da baki, ja wur. Mun ɗauko Inna da safe, Abdurra'uf na tuƙi da gora, ni na zauna da ƙoƙon kwarfa a hannu, ban yi amfani da shi ba ko sau ɗaya. Inna ta zauna bisa katakon, ta laluba da ƙafa har ta taka toshiyar, ta ce wa Larai tukunyarta ta fi kyau da tana babba. An gwada jininta, an ba ta magani, mun mayar da ita kafin la'asar.

Da muka ɗaure jirgi na ce masa ya biyo ni gida ya ci tuwo, saboda hadari, kada ruwa ya tare shi a hanya. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya biyo ni. Larai ta ce ita dai ba ta ga hadari ba yau. Ban tambaye ta ba.