Rubutun Goshin Mota

Chanchaga, Minna
Maris, 1987

Zuwa ga 'yata Sharifa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, har yanzu hannuna bai faɗa ba.

Masu aikin titi sun zo sun shafa wa katangarmu jan fenti. Za a faɗaɗa hanya ta koma biyu, a miƙar da kwanar ƙofar gidanmu. Sun ce zaure da ɗakina duk suna cikin titi. Ndagi mai faci ya ce musu, "To mangwaron ƙofar gidan fa, ina za ku ba shi fili?" Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Ba ginin nake ji ba. Ranar da yayanki ya bi babbar mota zuwa Ikko ban iya karatu ba. Ndagi ne ya gaya mini koriya ce, a goshinta an rubuta SAI MAI RABO. Dalilin da ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata ke nan. Kwanar nan ce ke sa direbobi su taka birki, ni kuma ina bakin kaskon ƙosaina ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. In an miƙar da ita, ina zan tsaya? In kuma ya dawo bai tarar da gida ba fa?

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki, Azumi

Kaduna
Afrilu, 1987

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, yara ma suna gaida kakarsu.

Ki gafarce ni, zan faɗi gaskiya. Duk shekarun nan Yaya Sanda bai aiko ko da saƙon baki ba. Mota kuwa ana sayar da ita, ana sake mata fenti. Minna ta zama babban birnin jiha, Inna, ba za a bar kwana saboda mutum ɗaya ba. Kawu Ishaku ya ware miki ɗaki a Bosso. Don Allah ki kwashe kayanki kafin katafila ta iso. In Yaya ya dawo zai tambayi maƙwabta, matambayi ai ba ya ɓata.

'Yarki mai biyayya,
Sharifa

Bosso, Minna
Disamba, 1987

'Yata Sharifa,

Bayan gaisuwa, na bi maganarki. Kawunki da iyalinsa ba su rage ni da komai ba.

Kin ce zai tambayi maƙwabta. Su wa? Ndagi ya koma Shango, gidan su Kaka sun koma Bida, sauran ban san inda suka nufa ba. An sare mangwaron. Inda zaurenmu yake yanzu kwalta ce, gefenta an gina gidan mai. Ni da na haife ku a wurin, sai da na yi ta dube-dube kafin na gane ƙofarmu.

Kullum da safe nakan hau tasi in je in zauna a gefen hanya. Yaran gidan man suna ce mini, "Mama, har yau motar taki ba ta zo ba?" Motoci sun ninka na da, amma babu mai taka birki. Kafin in haɗa baƙi biyu sun wuce. Da na shiga ajin nan tun ina da ƙuruciya, da idona ya fi haka sauri.

Ki gaida jikokina.
Azumi

Bosso
Janairu, 1988

Sharifa,

Ina gaisuwa. Jiya da hantsi wata koriyar mota ta taso daga wajen gada. Na karanta SAI, na fara haɗa kalma ta biyu, motar ta wuce. Akwai mutum zaune a kan kaya yana ta waige-waige, kamar mai neman wata bishiya. Na ɗaga hannu, na kira sunan da ban taɓa kira da bakina ba. Ƙarar motoci ta fi muryata.

Kada ki ce mini ba shi ba ne. Kada kuma ki ce shi ne.

Allah ya tsare ku.
Innarki