Burodi Uku Za Su Mai Da Ni Wankin Tire

Anti, ki taimake ni kafin Litinin. Da farko dai ina jinjina wa ilimi. Shekara goma sha ɗaya ina cura burodi da hannun nan, ashe ban iya ba, sai da surukin maigida ya dawo da digiri da kwamfuta aka gano.

Rukuni biyu ne a gidan burodinmu: na safe da nake shugabanta, da na yamma da ke hannun wani dattijo. Surukin ya auna burodi arba'in na kowa. Matsakaicin nauyi ya zo ɗaya. Amma wai namu ba ya tsayawa wuri guda, wani ƙato wani ɗan tsurut, wai wani gwajin lissafi mai suna F ne ya faɗa. Ranar Litinin za a sauke ni, in koma wankin tire.

Ni ma na leƙa aji, Anti. Na karɓi takardar awon na duba. Talatin da bakwai kamar uwarsu ɗaya. Ukun da suka yi fice ragowar kwaɓi ce da muke dunƙulewa mu gasa wa mai gadi da masu shara, ba a sayarwa. Surukin ya kwashe su daga tire bai tambayi kowa ba. Wallahi ba zan taɓa soso ba. In ajiye aikin?

Mai Curi

'Yar'uwa, kada ki ajiye komai. Surukin yana da gaskiyarsa: mai saye ba matsakaici yake kai wa gida ba, burodi ɗaya ne, don haka daidaito abin aunawa ne. Sai dai gwajin da ya zaɓa yana ninka tazarar kowane burodi daga matsakaici da kanta, shi ya sa ƙatti uku suka danne talatin da bakwai. Akwai wani gwajin da ke jera nauyin, ya ɗauki na tsakiya, ya auna nisan kowa daga gare shi. Wannan ba ya firgita da 'yan tsiraru.

Ki sami maigida a gaban surukin, ba da tsiwa ba. Ki nemi a sake awo da burodin sayarwa kaɗai, a kuma tsai da gwajin tun kafin a ga sakamako. In ya sake nuna ki, ki gyara hannunki. Allah ya tsare miki mutuncinki.

Amma in dattijon yamma gwajin ya nuna fa, za ki duba masa takardarsa yadda kika duba taki?