Bel Ɗin da Ban Ɗaura Ba Tukuna

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a inda kike, ya sa albarka a aikinki. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, alamar ta warke ke nan. Matar yayanki kuma ta kusa sauka, Allah ya raba lafiya.

Na zaɓi rubutu maimakon waya, domin kina saurin gane muryata, ni kuwa ina so in kai ƙarshen magana kafin ki katse ni.

Kwanan baya na lura motar tana jinkiri kafin ta shiga giya, sai na ce bari in duba man giya. Kin san ƙa'idar. A zagaya da ita inji ya ɗauki zafi, a tsayar a wuri mai daidai, a bar ta a kunne. Mutum ɗaya ya taka birki, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wurin tsayawa, ɗayan kuma ya zaro sandar awo. Tun ƙafarki ba ta gama kai wa birki ba kujerar mai taka birkin taki ce. Wannan karon mahaifiyarki na zaunar. Ta danne birkin da ƙafa biyu tana salati, tana cewa in motar ta taka ni kada in kuskura in ce ita ce.

Na goge sandar a farin ƙyalle, na ɗaga wa haske. Auta, na kasa bambance launin. Ko ja ne mai kyau, ko ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, duk ɗaya na gani, kamar mai leƙe ta gilashin da raɓa ta rufe. Na sunsuna, babu ƙauri, na ɗan samu natsuwa. Da na miƙa wa mahaifiyarki, cewa ta yi ita dai mai ta gani, kuma na ɓata mata ƙyalle. Na daɗe tsaye a gaban bonet. Gaskiyar masu magana ce, sabo ake yi wa kuka.

Washegari na je asibiti. Likita ya ce yana ce a idanu biyu. Na dama aikinsa mai sauƙi ne, na hagu kuwa bai yi mini alkawari ba, don akwai wata matsala a bayan yanar. Ya sa aikin ƙarshen wata mai zuwa, ya kuma hana ni tuƙi. Yayanki ya karɓi makullin cikin ladabi, kansa a ƙasa, ban yi masa musu ba.

Hannu dai bai makance ba. Na shafa bel ɗin inji, na ji ya tsattsage ta ciki, dalilin ƙarar da yake yi da safe ke nan. Na sa an sayo sabo, yana nan rataye a ƙusa. Yayanki ya ce a kai wa makanike a huta, kuma bai yi ƙarya ba. Amma aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya ja sifana ya sassauta ɗaurin, ɗaya ya bi da bel ta hanyarsa. Ƙarfin jan sifana ina da shi har yanzu. Ido da siririn hannu ne babu, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ki nemi hutu, ko da gajere ne, ki zo kafin ranar aikin. In sun hana ki, ki faɗa mini kai tsaye, makanike zai ɗaura, ba zan riƙe ki da komai ba. Bel ana samunsa ko yaushe. Abin da ban da tabbacinsa shi ne ko bayan an kwance bandeji zan gan ki da idanu biyu.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ba ta san na rubuta wannan ba. Yayanki da matarsa suna gaisuwa, haka gwaggonki. Ki gaishe mini da maƙwabciyarki da ta kula da ke lokacin zazzaɓi. Allah ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Baba